Neman kalma: wane suna za mu ba "condor" a rediyo?

Binta Sada: Salamu alaikum. Ranar ungulu ta duniya Asabar ɗin farko ce ta Satumba, kuma gobe da hantsi za mu naɗi shirin a nan Katsina. "Condor", babbar tsuntsuwar nan mai cin mushe ta nahiyar Amurka, ta tsaya mini a wuya. Malamai, a taimaka.

Lawal Daura: Mikiyar Andis, da sunan duwatsun Andis na Kudancin Amurka. Fiffikenta in ta buɗe ya wuce mita 3, nauyi har kilo 15. Wa zai kira wannan angulu?

Malam Kabir: Lawal, mikiya tana da mai ita. A tsohuwar Hausa babbar mai cin mushen nan ce ta dawa, irin wadda ta yi karo da jirgin sama a saman Abidjan a 1973, a tsayin mita 11,300. Yau kuma mai sauraro in ya ji mikiya, gaggafa yake gani. Ga shi ba dangi ɗaya ba ne: ungulayenmu 'yan uwan shaho da shirwa ne, na Amurka gidansu daban, cin mushe ne ya sa suka yi kama.

Alhaji Mamman: Sarkin ungulu. Gajere, ba aro.

Malam Kabir: Ranka ya daɗe, akwai mai wannan sarautar a dazukan Kudancin Amurka, fari mai kai ja da rawaya, bai kai wannan girma ba.

Lawal Daura: To a ara: kondo. Turawan ma daga Kecuwa, harshen mutanen Andis, suka ara, kuntur.

Alhaji Mamman: A rediyo kwando za a ji. Sarkin ungulu dai. Kuma Binta, 'yata, me ya kai ki "ungulu"? Bakatsine angulu yake cewa. Sai yaushe za mu daina karɓar izini daga Kano?

Lawal Daura: In asali ake bi, Alhaji, Daura za a tambaya.

Binta Sada: Baba Alhaji, a yi haƙuri, lokaci. Kuma iri biyu ne, akwai ta Kalifoniya, wadda a 1987 saura 27 aka kama duka don kiwo. Dalmar harsashi a cikin mushe ke kashe su.

Malam Kabir: Shi ya sa a jingina wa wuri: ungulun Andis, ungulun Kalifoniya. Da -n, ba -r ba, ko da ta mace ce. Ki ba masu sauraro alamar gani: ta Andis baƙa ce, farin gashi ya zagaye wuya, namiji da zanko. Ana ganin su a kwarin Kolka na Peru da hantsi, in ƙasa ta ɗumi iska mai zafi ta tashi, sai su hau ta ba kaɗa fiffike. Da asuba ba a ganin kome. Tamu ma haka take jewa a saman mahauta, inda ta rage.

Alhaji Mamman: Ku sa. Amma angulun Andis.

Binta Sada: A rubuce ungulu, a baki angulu. Na gode.