Me za mu kira "event" idan na'ura ce ta turo shi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta kod. Kwana biyu ke nan ina shirya darasi da Hausa kan yadda ake karɓar bayanan da na'urori masu haɗe da intanet ke turowa, a zuba su cikin jadawalin rumbun bayanai da ke kan gajimare. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a maƙogwaro: "event". Sauran ba su wahalar da ni ba. Rumbun bayanai ya riga ya zauna a bakin mutane, gajimare ma mun saba da shi. A fassarar "table" kuma, jadawali ya fi tebur nesa ba kusa ba, domin tebur a kunnen Bahaushe abin ɗora kaya ne.

Taro da biki ba sa cikin lissafi, waɗannan na wata ma'anar ce daban. Bari mu fara duba abin da kansa kafin mu raɗa masa suna.

A ce akwai na'ura maƙale a jikin injin tura ruwa. Ƙarfe 3:12 na dare injin ya tsaya. Nan take na'urar za ta haɗa ɗan gajeren rubutu, galibi a tsarin JSON, wato salon jera bayanai da kwamfuta ke iya karantawa, mai ɗauke da lambarta, da lokacin, da abin da ta gani. Sai ta tura shi ta MQTT, ƙa'idar aika bayanai da Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper suka ƙirƙira a 1999 don sa ido kan bututun mai ta tauraron ɗan'adam, shi ya sa ba ta cin data da yawa. A can gajimare, Azure IoT Hub na Microsoft ko AWS IoT Core na Amazon, masu karɓar bayanan na'urori, ɗayansu ya karɓa, ɗan kod ɗinka ya tashi, ya karanta, ya ƙara layi ɗaya a jadawali. To, wannan tsayawar da injin ya yi ƙarfe 3:12 ita muke nema wa suna. Ta riga ta wuce, tana da lokacinta guda ɗaya tak, kuma ba mai iya komawa ya gyara ta.

Da na tambayi abokan aiki, amsar da ta fi yawa ita ce saƙo. Na fahimci dalili, amma ban yarda ba, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, saboda wannan kuskuren ba a baki kawai yake tsayawa ba, har cikin jadawali yake bin mutum. Saƙo shi ne ambulan. Na'urar da ta rasa sabis na awa biyu za ta iya tara abubuwa goma ta cusa su a saƙo ɗaya. Haka kuma abu ɗaya zai iya zuwa cikin saƙo biyu: MQTT tana da matakan isarwa uku, 0 da 1 da 2, kuma mataki na 1 alƙawarinsa shi ne "aƙalla sau ɗaya". Idan na'urar ba ta ji amsar an karɓa ba, sake turowa za ta yi. Ɗalibin da aka koya wa cewa saƙo yake ajiyewa zai ba kowane saƙo sabon layi, washegari ya tarar jadawalinsa na cewa injin ya tsaya sau biyu a daƙiƙa guda. Wanda ya san abin da ya faru yake ajiyewa zai gina makullin layin, wato shaidar da ke bambanta shi da sauran layuka, daga lambar na'ura da lokacin da abin ya faru. A rumbun bayanai na Azure Table Storage makullan nan su ne PartitionKey da RowKey, a rumbun DynamoDB na Amazon ma akwai takwarorinsu biyu. In maimaicin ya iso, kan tsohon layin zai faɗa, ba ya haifar da sabo.

Rahoto ya matso kusa, amma na fi son mu bar shi ga awon da na'ura ke turowa a kai a kai, kamar zafi duk bayan minti biyar, ko wani abu ya canja ko bai canja ba. Lamari da al'amari suna da tsawo, har cewa ake yi lamarin na ci gaba da ta'azzara. Waƙi'a ta yi nauyi ga buɗewar ƙofa. Labari kuwa ana iya ƙara masa gishiri.

Saura biyu: faruwa da aukuwa. Ku duba tushensu. Faru daga fara yake, wato yana ɗauke da ƙamshin somawa, abin da ya kama hanya. Auku daga auka yake, faɗawa lokaci guda. Abin da na'ura ke shaidawa irin na biyun ne: ƙofa ta buɗe, batir ya sauka ƙasa da kashi 20, zafi ya haye iyaka. Don haka ni aukuwa na zaɓa.

Wani malami da nake girmamawa ya ja hankalina cewa auku ya fi tafiya da hatsari da gobara. Gaskiya ne, Malam, a labarai haka muke yawan jin sa. Amma muna cewa "kafin aukuwar hakan" ba tare da an tuna da wata masifa ba, kuma ɗan faɗakarwar da ke cikin kalmar ba aibi ba ne a nan, tunda yawancin abin da ake sa na'ura ta shaida abu ne da ake son a lura da shi. Batun jam'i ma an tayar. Ba sai mun ƙaƙaro "aukuwoyi" ba. Aukuwa ɗari biyar ta wadatar, kamar yadda muke cewa shekara goma.

Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne yadda kalmar ta buɗe wa 'yan'uwanta hanya. Yanzu muna iya bambanta lokacin aukuwa da lokacin isowa, kuma bambancin yana da muhimmanci: gidan lokaci mai suna Timestamp na Azure Table Storage uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun, ce ke cika shi a lokacin da aka taɓa layin na ƙarshe, ba na'ura ba, don haka lokacin aukuwa sai ka ware masa gidansa. Muna kuma iya bambanta aukuwa da hali. "Injin a kashe yake" hali ne, ana sabunta shi a wuri ɗaya. "Injin ya tsaya ƙarfe 3:12" aukuwa ce, ƙara ta ake yi a bar ta yadda take. Umarni kuma shi ne mai tafiya ta ɗaya ɓangaren, daga gajimare zuwa na'ura.

Ku gwada a baki ku ji: "Kod ɗin yana karɓar bayanin aukuwa daga na'ura ya shigar da shi jadawali." "Saƙon nan aukuwa uku ce a cikinsa." "An maimaita saƙo, amma aukuwar ɗaya ce." Ni dai ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba, kuma da ita zan rubuta darasin.

Wadda ta rage mini yanzu ita ce "upsert", wato idan babu layin a saka shi, idan akwai a sabunta shi. A rubutuna na wucin gadi na sa saka-ko-sabunta, amma ta yi tsawo a tsakiyar jimla. Wanda ke da gajeriya ya taimaka mini da ita kafin in kai babi na uku.