Cire ma yaro robar hanci lokacin tafiya Umra, ya dace ko in bari sai mun dawo?

Maman Sadik, Gusau:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana, don Allah shawara nike nema kaina ya ɗaure. Yarona bakwaini ne, yanzu shekararshi ɗaya da wata takwas kuma har yau da robar hanci yake cin abinci, madara da kunu duk ta sirinji. Alhamdulillah kwanan nan ya fara lasar ayaba, yogot ma yana karɓar cokali biyu uku in ya ga dama, in bai ga dama ba ko kusa da bakinshi ba ya bari a kai. Likitanshi ya ce lokacin fara rage abincin roba ya matso amma bai sa rana ba. To ga shi Allah ya hore ma maigida za mu Umra ƙarshen wata, sati biyu, tare da Hajiyarshi, ita kuma Hajiya ta kafe wai a cire robar a can, ga zamzam ga addu'a, yunwa za ta sa shi ci da kanshi. Ni ma wallahi raina na so in ga fuskar ɗana babu filasta amma tsoro nike ji. Mi kuka gani? Sannan ya ake wucewa da madara da sirinji a filin jirgi, kuma in robar ta fita a can ya zan yi?

Nas_BirninKebbi:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Sadik lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce ta ɓangaren yara kuma gaskiya zan gaya miki, kar ki fara a hanya. Hajiya ta yi gaskiya ta gefe ɗaya, da yunwa ake yaye yaro daga roba, in cikinshi kullum a cike yake ba abin da zai ja shi ga cokali. Amma yunwar aunata ake yi, ana rage abincin roba kaɗan kaɗan, ana ɗora shi a sikeli akai akai, ana ƙirga famfas nawa ya jiƙa a rana, kuma yawancin masu wannan aikin in yaro ya zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinshi tsayawa suke a sake lissafi. A ɗakin otal wa zai auna miki shi? Ga zafin Makka da ke wuce digiri 40 lokacin bazara, ga gajiya, ga turmutsutsu, ga tari da mura da kusan kowa ke kwasowa a can. In ya ƙi ci ba za ki iya bambance ko gajiya ce ko ciwo ne ko ƙin abincin ne kawai ba, kuma yaro ƙarami ruwan jikinshi saurin ƙarewa yake.

Abin da ya fi damuna ma haɗiya, an taɓa duba haɗiyarshi kuwa? Akwai yaran da abinci ke bi musu ta hanyar iska ya sauka huhu, wani har ba ya tari a gane, sai dai a ga zazzaɓi da ciwon huhu suna ta dawowa. Kuma abu mai ruwa ruwa kamar ruwan sha shi ya fi saurin sarƙe yaro fiye da mai kauri. In kin ji muryarshi ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro bayan ya ci, ko idonshi na hawaye, ko launin leɓenshi ya canza, ki dakata nan take.

Maganar tafiya, ki sa likita ya rubuto miki takarda da Turanci mai hatimi, a sa ciwonshi da girman robar da tsawon da ake turawa da irin madara da yawanta. Dokar hana shiga jirgi da ruwan da ya wuce mililita 100 ana ɗaga ta ga abincin jarirai da na marasa lafiya, ki dai fito da su a fili wajen bincike. Roba ki riƙe fiye da ɗaya, da filasta da sirinji da O.R.S da takardar gwajin ruwan ciki, wadda ake ɗiga ma ruwan da aka zuƙo ta robar don auna tsaminshi, in ta nuna 5.5 ko ƙasa robar na cikin tumbi. Kar ki zuba komai sai kin gwada, musamman bayan amai ko tari mai ƙarfi. In ba a koya miki mayar da ita ba kar ki gwada da kanki, asibiti za ki, lambar motar asibiti a Saudiyya 997. Ki kuma tambayi likita kan allurar sanƙarau da ta shawara da ɗigon shan inna tun yanzu.

Abu Hafsa, Ƙauran Namoda:
Maman Sadik sannu da ƙoƙari, mu ma mun bi ta wanga hanya. Ɗiyata da roba munka tafi da ita Indiya aikin zuciya, kuma da ita munka dawo, sai da ta warware a gida sannan anka fara ragewa. Abu guda zan ƙara, kayan abincinshi duk su kasance a jakar hannu, kar ki yarda a sa su cikin babban akwati, akwati na iya makara ko ya ɓace kuma irin madararku ba dole ki same ta a can ba ko ki samu wata iri cikinshi ya ƙi ta. Amma fa tafiyar na da amfaninta. Mu a masauki tabarma muke shimfiɗawa a ci a faranti ɗaya, sai mu aje ta tsakiya ba mai cewa ta ci, tana ta damƙar shinkafa tana shafa ma kanta miya tana kai yatsa baki, har ran nan ta ɗauki guntun burodi tana tsotsa ita kaɗai, uwarta sai da ta yi kuka. Likitarmu ta ce haka ma ake yi a wani asibiti da ya shahara kan wanga aiki a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, a baza abinci a ƙasa yara su yi wasa da shi. Ki bar shi ya yi ɓarna son ranshi, ɗura dai ce kar a yi mishi.

Inna Jega:
Ɗiyata Allah ya yi miki albarka. Hajiya ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, jikanta take so ta gani yana ci kamar kowane yaro, don haka kar ki yi musu da ita. Ki sa maigida ya ɗauke ta ku tafi wajen likita tare ta ji da kunnenta, tsofaffi in sunka ji daga bakin likita sun fi natsuwa. Zamzam kuwa ba wanda ya hana shi, a shafa mishi a leɓe da fuska, in likita ya yarda a zuba mishi kaɗan ta robar ai cikin dai guda ne. Ki yi ɗawafi da shi da dare ko bayan asuba in rana ba ta yi ba, kuma masu kallon filasta ki bar su su kalla.

Maman Sadik, Gusau:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, hankalina ya ɗan kwanta. Gaskiya ba a taɓa yi mishi gwajin haɗiya ba, ranar Litinin in sha Allahu za mu koma da Hajiya sai in tambaya. Anti nas, lokacin ba shi abinci fa, tunda agogonsu ya sha gaban namu in bi wane?

Nas_BirninKebbi:
Awa biyu ne kawai tsakani, ba matsala. Ranar tafiya ki bi agogon gida, in kun sauka ki riƙa matsar da lokacin da rabin awa kullum har ya daidaita. A jirgi ki zaunar da shi a miƙe yayin da kike zuba mishi, ki bar shi haka kamar rabin awa bayan ya gama. Ki kuma roƙi likita ya rubuta miki yawan ruwan da za ki ƙara ta robar saboda zafi.