Maƙwabcina da akwatin faya-fayansa

Baban Ummi (Chicago):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara tara ke nan ina tuƙin tasi a Chicago. Maƙwabcina wani dattijo ne baƙar fata, ya haura saba'in, ba mata ba ɗa. Namiji ne mai neman maza, bai taɓa ɓoye mini ba, ni kuma alheri kawai na sani tsakanina da shi. Ranar da maiɗakina ta fara naƙuda cikin hunturu, shi ya fito da shebur ya share mana ƙanƙarar ƙofar gida.

Watan jiya aka yi masa aikin ƙugu. Da na ɗauko shi daga asibiti sai ya roƙe ni mu bi ta titin Jefferson. Muka tsaya gaban wani tsohon gini mai hawa uku, lamba 206. Ya sauke gilashi ya zuba wa ginin ido har hawaye ya jiƙa masa gemu. Ya ce nan ne Warehouse, gidan rawar da mai haɗa kiɗa Frankie Knuckles ya riƙa saka faifai tun 1977, kuma cikin su goma sha biyu da suke zuwa tare duk daren Asabar, su biyu suka rage a duniya. Yanzu ya ce zai bar mini akwatin faya-fayansa. Ina jin nauyin abin. Me ya sa gidan rawa zai zauna a zuciyar mutum haka? Kuma in karɓa ko in ba shi haƙuri?

Ɗan Katsina a New York:
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Sai ka duba zamanin da ya tashi. A shekarun 1960, maza biyu su yi rawa tare a mashaya ya isa 'yan sanda su kai samame, sunan mutum ya fito a jarida, ya rasa aiki. Mashayar Stonewall, inda masu neman jinsinsu suka yi wa 'yan sanda bore a watan Yunin 1969, tana cikin 'yan tsirarun wuraren da ake barin su rawa a nan New York, shi ya sa suka manne mata duk da ƙazantarta.

Shi kuma maƙwabcinka wariya biyu ta haɗe masa: coci da dangi sun juya masa baya, gidajen rawar fararen fata kuma suna tare baƙar fata a ƙofa. Warehouse na masu katin shiga ne, ba a sayar da giya, akasarinsu baƙaƙe ne irinsa. A garinku ne, ranar 12 ga Yulin 1979, aka tara faya-fayan disko, kiɗan da suke rawa da shi, a filin wasa na Comiskey Park aka fasa su da nakiya jama'a na shewa. Da kasuwar disko ta faɗi, Knuckles ya riƙa yanka kaset yana haɗa tsofaffin waƙoƙi, yana maimaita gaɓar da ta fi tada mutane. Daga sunan gidan nan aka samo sunan kiɗan house da duniya take ji yau. A 2004 aka sa wa ɓangaren titin sunan Knuckles.

Maman Sadik (Landan):
Ƙanena, ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara ashirin da biyu ina kula da tsofaffi. Goman nan da ya ce sun rasu, jikina ya ba ni ƙanjamau ce ta ɗauki yawancinsu. Na yi jinyar irinsu da dama. A shekarun 1980 akwai wanda ya rasu danginsa suka ƙi zuwa, abokansa suka yi masa komai, waƙar da yake so ita aka saka wurin binne shi. Wani majinyacina ya manta sunan unguwarsu, amma in aka saka muryar mawaƙin disko Sylvester, wanda cutar ta kashe a 1988, sai ya kira sunayen abokansa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙungiyar mawaƙa ta maza masu neman maza ta San Francisco ma, fitowarta ta farko a bainar jama'a makoki ne: daren 27 ga Nuwamban 1978, a matakalar majalisar birni, bayan an harbe Harvey Milk, ɗan majalisar birnin mai neman maza, da magajin gari George Moscone. Kada ka karɓi akwatin ka jefa a sito. Ka zauna ya saka maka, ka tambaye shi waƙar wa ce wannan.

Malam Na-Fagge:
Matsayin addininmu kan wannan ɗabi'a a bayyane yake, ba na ja da shi. Haƙƙin maƙwabtaka shi ma a bayyane yake, kuma dattijon nan ya riga ka sauke nasa. Labarin ya tuna mini da 'yan daudun unguwarmu da nake yaro. Kullum ana tsokanarsu a bakin tukunya, amma ranar biki, in kalangu ya ɗauka aka fara liƙi, fuskarsu takan canja gaba ɗaya. Ba abu ɗaya ba ne da na Amurka, sai dai na gane wannan kallon da ka ce ya yi wa ginin. Ka karɓa, ka riƙe masa amana.

Baban Ummi (Chicago):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya Maman Sadik, na bi shawararki jiya bayan la'asar. Faifai huɗu kawai muka ji cikin awa biyu, don a bayan kowane kwali akwai suna da shekara da ya rubuta da biro. Na ƙarshen an rubuta 1986. Ya ce mu tsaya nan, in dawo ranar Lahadi.