Fentin daɓen ɗakina yana ɓarewa, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗaki na kama a Bukoki, nan Yamai, kuɗin kafet kuma sun fi ƙarfina, ga ƙurar hunturu da yake sha. Sai na sayo fentin mai a kasuwar Katako na shafa wa simintin sau biyu.

Yau kwana 9, wajen bakin ƙofa yana kama tafin ƙafa, gefen randa kuwa ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Mai gida ya yi sabon daɓen ne sati biyu kafin in shiga, daga baya na ji siminti na son kwana 28 kafin a yi masa fenti.

Don Allah masu sana'ar fenti, in kankare duka ne, ko akwai abin da zan shafa a kai? Amarya na tarewa ƙarshen wata, hankalina a tashe yake.