Cigiyar kalma: tayar keke mai ƙin huda da mai shan ƙarfi

Assalamu alaikum jama'a, musamman mahaya keken tsere da malaman Hausa da ke nan. Kwana uku ke nan ina rubuta wa ƙannenmu sababbin shiga ɗan bayani kan zaɓen taya, amma kalmomi biyu sun tsaya mini a maƙoshi. A jikin kwalin taya ana rubuta "puncture resistance", masu gwajin taya kuma ba su da zance sai "rolling resistance". Duk cinikin tayar keken tsere a kan waɗannan biyun yake tafiya, domin abin da aka ƙara wa ɗaya, yawanci daga wurin ɗayar aka rago shi. Ba na so in bar su da Turanci. Yaron da bai gane su ba zai zuba kuɗinsa a tayar da ba ta dace da hanyarsa ba.

Ta farko tana nufin yadda taya ke hana ƙaya ko ƙusa ko fasasshiyar kwalba kaiwa ga tiyub. Ta biyu kuma ƙarfin ƙafarka ne da taya ke cinyewa tana juyawa, wanda ba ya zama gudu.

Bari in faɗi inda abin ya samo asali. Ranar Asabar a hanyar Gwarzo tayata ta baya ta sace, na tura keken zuwa wurin wani dattijo mai faci a gindin darbejiya. Ya ciro tiyub, ya ba shi iska, ya bi da shi cikin kwanon ruwa a hankali har ƙananan kumfa suka fara tasowa a jere. Ya kankare wurin, ya shafa sholisho, ya ajiye ya sha iska. Bai tsaya nan ba, sai ya zura yatsa cikin tayar yana shafawa, can ya dakata, ya sa allura ya tono wani ɗan tsini da bai kai ƙwayar gero ba. Tsidau ne. Ya ɗaga tayar yana lanƙwasa ta da yatsu biyu, ya ce, "Ɗana, wannan ai fatar albasa ce. Ka nemi wadda ba ta jin ƙaya."

Na ce, "Baba, wadda ba ta jin ƙayar nauyi gare ta a ƙafa."

Ya ce, "To ai dokin lifidi ba ya sukuwa."

Tun daga ranar maganar nan take yawo a kaina. (Tsidau ɗin nan ba mu kaɗai yake damu ba. A Amurka har sunan mai huda taya suka laƙaba wa ciyawar.)

To, kalma ta farko. Abin da ya fara zuwa mini shi ne "juriyar faci", na rubuta na goge. Faci a bakinmu fuska biyu gare shi. Mukan ce taya ta yi faci idan ta sace, mukan kuma ce an yi mata faci idan an liƙe. Mai karatu zai iya ɗauka ana nufin tayar da ke jure yawan liƙi. Juriya kuma haƙuri ne da abin da ya riga ya same ka, alhali muna maganar abin da bai samu shiga ba tun farko.

Wani ɗan'uwa ya kawo "tauri", ya kafa hujja da 'yan tauri da wuƙa ba ta kama su. Hujjar ta burge ni ƙwarai, kuma kalmar tamu ce tun kaka da kakanni. Amma ina tsoronta a nan. Ka ce wa sabon mahayi ya nemi taya mai tauri, abu biyu zai yi: ya sayi roba mai ƙarfi kamar ta amalanke, ya kuma ɗura mata iska har ta yi kamar dutse. Dukansu kuskure ne. Tayar da aka cika wa iska fiye da kima tsalle take yi a kan kwalta mai gargada, ta jijjiga mahayi, ta rage masa gudu. Kalmar da za ta kai mutum ga wannan, gara a bar ta a fagen 'yan tauri.

Ni dai na tsaya a kan "ƙin huda". Gajera ce, kuma tana bin ginin da muka saba, kamar ƙin ji da ƙin gaskiya. Tana karɓar awo: wannan ta fi waccan ƙin huda. Wata malama ta tambaya me ya sa ba "ƙin huji" ba. Malama, a kunnena huji shi ne kafar da ta rage bayan an gama, huda kuwa aikin ne kansa, kuma aikin ne tayar ke ƙi. A hira ta baki kuwa, babu abin da ya kai maganar Baba mai faci, wato ba ta jin ƙaya. A rubutu ne ake buƙatar suna.

Inda na fi jin daɗi shi ne sunan abin da ke kawo ƙin hudar. Ƙarƙashin robar da ke taɓa kwalta, masu ƙera taya suna shimfiɗa wani siririn ƙyalle mai saƙa matsattsiya. Wasu da zaren Kevlar suke yin sa, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, zaren da ake rigar kare harsashi da shi. Kamfanin taya na Continental kuwa zaren Vectran yake sa wa tayarsa ta tsere Grand Prix 5000. Me muke kiran rigar kare harsashi? Rigar sulke. Motar da harsashi ba ya ratsawa? Mota mai sulke. Kalmar ta daɗe da sauka daga kan doki ta shiga bakin 'yan jarida. Saboda haka wannan ƙyalle sulken taya ne, ba sai an yi taro a kai ba.

Akwai kuma wata dabarar daban, wadda ba saƙa ba ce, kauri ne zalla. Tayar Marathon Plus ta kamfanin Schwalbe tana da shimfiɗar roba mai kaurin milimita 5 a ƙarƙashin bayanta, ƙaramar ƙaya ta shige ta ƙare ba ta kai tiyub ba. Wannan ba sulke ba ne, lifidi ne. Duk wanda ya tsaya kallon hawan sallah ya ga bambancin: sulke zobban ƙarfe ne da ke bin jikin mahayi duk inda ya juya, lifidi kuwa auduga ce da aka cusa aka ɗinke, doki na tafe a cikinsa da ƙasaita amma da nauyi. Haka tayoyin suke. Marathon Plus ko siririyarta ta haura rabin kilo, Grand Prix 5000 mai faɗin milimita 25 ba ta kai giram 250 ba. Gatorskin ta Continental tana tsakani, sulkenta ya fi na tayar tsere, har gefenta an ƙara wa kariya, amma ba ta kai lifidi ba. Da kalmomin nan biyu zan iya yi wa yaro bayani a numfashi ɗaya: mai zuwa aiki kullum ta hanyar ƙaya da kwalabe ya sa lifidi, mai atisaye ya sa sulke mai kauri, ranar gasa a sa sulke mara nauyi.

Wani abu da ƙin huda bai shafa ba: idan iska ta yi kaɗan ka faɗa rami, rim ne ke datse tiyub, ya bar kafa biyu kusa da juna. Wannan cizon rim ne, ba laifin ƙaya ba, kuma sulke ba ya maganinsa. Tubles kuwa, wato taya marar tiyub, ta riga ta zauna a bakin masu babur da mota, a bar ta yadda take. Farin ruwan da ake zuba mata yana toshe ƙananan kafofi, ruwan liƙi ya ishe shi suna.

Kalma ta biyu ta fi ba ni wuya. An kawo "gogayya", an kawo "turjiya". Gogayya tana nuna taya na gugar kwalta, kuma yawancin asarar ba daga nan take ba. Duk inda taya ta taɓa ƙasa sai ta ɗan lotsa, ta wuce ta miƙe, haka ba iyaka. Roba ba ta mayar da duk ƙarfin da aka lanƙwasa ta da shi, wani kaso zafi yake zama ya tafi. Gwargwadon kaurin roba da ƙarfin ƙyallen da aka gina jikin taya da shi, gwargwadon asarar. Shi ya sa ake ƙirga zare nawa ne a inci ɗaya na ƙyallen: tayar yau da kullum kamar 60, Vittoria Corsa ta 'yan tsere 320, zare siriri mai laushi. Masaƙa sun san wannan tun kafin a ƙera keke, saƙar siririn zare ita ke bin jiki.

Turjiya kuwa ta jaki ce da ya kafe ƙafa ya ƙi gaba. Taya ba ta ƙin tafiya, tafiya take yi tana karɓar kasonta a ɓoye.

Sai na tuna yadda muke cewa mota tana shan mai, dutsen guga yana shan wuta. To taya tana shan ƙarfi. Abin da ya ƙara natsar da ni shi ne masu gwaji da wat suke auna shi, ma'aunin da ke jikin ƙwan lantarki. Malamar da ta yi tambayar huji ta ja hankalina cewa shan ƙarfin mutum yana nufin rinjayarsa. Gaskiya ne Malama, na gode. Amma idan aka ce taya mai shan ƙarfi, ba a jingina shi ga kowa ba, ban ga mahayin da zai ruɗe ba, musamman wanda ya taɓa tuƙa keke da taya mai lifidi a kan hawa yana fuskantar iskar hunturu.

Kalmar ta ma taimaka mini wajen gyara wata tsohuwar fahimta. Da can 'yan tsere taya mai faɗin milimita 23 suke hawa, a cika ta tam, ana ganin siririya ita ce mai gudu. Yanzu 28 da 30 ne suka zama ruwan dare, a gasar Paris-Roubaix ta Faransa mai hanyar duwatsu har 32 ake sawa. Da Hausa ga yadda na rubuta: taya mai faɗi da iska daidai ba ta fi siririya shan ƙarfi ba, a kwalta mai gargada ma ta fi ta sauƙi, kuma ta fi tsira daga cizon rim. Jimlar ta zauna ba tare da aron ko kalma ɗaya daga kwali ba.

Ɗazu da la'asar na koma gindin darbejiya da sabuwar taya mai faɗin 28 domin Baba ya ɗaura mini. Na juya masa cikinta na nuna masa inda ƙyallen yake, na ce wannan ne sulkenta. Ya danna wurin da babban yatsa, ya lanƙwasa gefen, ya ce, "Sulken ya yi, amma bai sauko gefe ba. Ka kiyayi bakin kwalta."