Dan Allah a ba ni shawara, sanyin Ingila zai kashe min shuka

Mai tambaya, daga Leeds:
Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa ya tashi lafiya. Gidan da muka koma bara mun tarar da ɗan ɗakin gilas a bayan gida, wanda suke cewa girinhaus, ƙafa 6 ne da ƙafa 8. Da zafi ya shigo na zuba yakuwa da alayyahu da attaruhu da tumatir har da kuɓewa guda biyar, kuma wallahi na sha miya, maƙwabciyata ma sai da na tsinkar mata. To shekaranjiya da asuba na leƙa na ga motoci duk sun yi fari fat, ina buɗe ɗakin na tarar yakuwar nan ta yi baƙi ta kwanta kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, kuɓewa kam ba a magana, attaruhu ne kawai da sauran numfashi. Abban yara ya ce a sayo hita ta kananzir, ni kuma tsoron gobara nake, ta lantarki kuma kun san yadda bil yake a ƙasar nan. Ni dai burina in riƙa cin ɗanyen ganye har Maris. Wanda ya taɓa yi ya taimaka min dan Allah.

Wani ɗan uwa a Manchester:
Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da asara. Ni na yi wannan gangancin shekarata ta biyu da zuwa, bari in yi miki lissafin da ban yi wa kaina ba sai da takardar wuta ta iso. Hitar lantarki da aka fi sayarwa don irin ɗakin nan kilowat 2 ce, wato duk awa ɗaya tana aiki yunit 2 ta sha. Ki ɗauka yunit pensi 25 ne, ta yi awa 8 a dare, fam 4 kenan, a wata fam 120. Kuma gilas ɗin falle ɗaya ne, ba ya riƙe komai, kina hurawa yana fita, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Tumatir in dare ya sauka ƙasa da digiri 10 tsayawa yake cak, kuɓewa kuwa sai sama da 20 take walwala, to ki duba tazarar da ke tsakanin 20 da daren da ruwa ke daskarewa a waje. Da kuɗin nan kin sayi kwalin attaruhu nawa a shagon 'yan Afirka?

Amma abin da ya fi ci min rai, bayan duk kuɗin da na ƙona shukar ba ta yi ba, doguwa kawai ta yi siririya ta yi ɗorawa. Ashe haske ne babu. Nan arewacin Ingila ranar 21 ga Disamba wunin gaba ɗaya bai kai awa 8 ba, kuma rabinsa hadari ne, shuka kuwa da wuni ya gaza awa 10 kusan daina girma take. A wajenmu daga ƙarshen Oktoba ne har tsakiyar Fabrairu. Hita ba ta maganin wannan.

Baba daga Jos:
'Yata ki yi haƙuri, noma ya gaji haka. Mu nan ko da hunturu ya tsananta dare ya sauka wajen digiri 10 muna rawar ɗari, da hantsi rana ta fito ta gasa komai, shi ya sa masu rumfar leda a nan zafi suke yaƙi da shi ba sanyi ba. Amma ki gwada duram, ki shafa masa baƙin fenti ki cika da ruwa ki ajiye inda rana ke bugu, ya sha zafi da rana ya saki da dare.

Ɗalibin aikin gona a Sin:
Baba Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma da gyara kaɗan. Duram mai lita 200 in ya huce da digiri 5 cikin dare, abin da ya saki bai wuce yunit ɗaya da ɗan ɗoriya ba, hitar da Yaya ya ambata minti 35 za ta ba da shi. Zai iya hana ƙanƙara kama ganye a daren da sanyin bai yi tsanani ba, shikenan. Sannan sai rana ta fito kafin ya ɗauki zafin.

Nan lardin Shandong akwai wani gari Shouguang, ya yi suna a noman kayan miya da sanyi, suna fitar da tumatir da kokwamba a Janairu kuma mafi yawansu ba sa kunna komai. Katanga suke yi mai kauri ta ƙasa ko bulo a gefen arewa, gefen kudu kuma leda ce ta sauko kamar rumfa, da yamma su warware wani ƙaton bargo su rufe ledar ruf, da safe su naɗe. Katangar ita ce duram ɗinsu. Sirrin dai sanyinsu irin na hunturunmu ne, busasshe mai rana, Leeds kuma ta fi su nisa can arewa sosai ga hadari kullum. Abin da Anti za ta ara a wajensu bargon ne, shi ko ina yana aiki.

Hajiya a Winnipeg:
Ƙanwata ni dariya ma kika ba ni, zo nan ki ga digiri 30 ƙasa da sifiri. Yau ɗin nan kafin magariba ki ceci attaruhun ki, ki bar sauran. Attaruhu ba shukar shekara ɗaya ba ce, sanyi ne ke kashe ta. Ki tono ta da saiwarta ki sa a tukunya, ki datse rassan ki bar kamar taƙi ɗaya, ki wanke ganyen da ya rage saboda ƙananan kwarin nan masu tsotsa, ki kai ta bakin tagar kicin. Ruwa kaɗan kaɗan, sai ƙasar ta bushe. Za ta zama kamar icen da ya mutu, kar ki jefar, da wuni ya fara tsawo za ta tofo kuma ta riga wadda aka shuka sabuwa yin 'ya'ya. Yakuwa in akwai ganyen da bai ƙone ba ki tsinke ki sa a firiza ko ki busar, iyayenmu ma ai da busasshiyar kuɓewa suke kai rani.

Kananzir kuma ina bayanki, ba gobara kaɗai ba ce. Duk lita ɗaya da ya ƙone yana sakin wajen lita ɗaya ta ruwa a iska, gilas ya yi ta zufa, sai fumfuna ta kama ganye. In kin toshe ko'ina kuma wutar ta rasa iska ta fara fitar da hayaƙin nan marar wari mai kisa, ga yara suna shiga. In kin buɗe taga zafin ya gudu. A'a.

Wata 'yar uwa:
Ni na ga bidiyo ana kifa tukunyar ƙasa a kan kyandir wai yana ɗumama ɗaki

Ɗalibin aikin gona a Sin:
Anti ɗan kyandir ɗin nan wat 30 zuwa 40 yake bayarwa, sai kin jera wajen 50 kafin ki kamo hita ɗaya. Tukunyar ba ta ƙara masa komai, zafi kawai take yi a hannu.

Wani ɗan uwa a Manchester:
Hajiya ga abin da nake yi yanzu. Ledar nan mai ƙananan kumburi da ake naɗe kaya masu saurin fashewa irin su tangaran, wadda yara ke son fasawa, akwai mai manyan ido da ake sayarwa don lambu, da ita nake lulluɓe gilas ɗin ta ciki, bayan na wanke shi tas don haske. Sai farin mayafin shuka marar nauyi, in an ce daren zai yi sanyi in rufe su falle biyu, da safe in yaye in buɗe ƙofa iska ta ɗan zaga. Ban ruwa da safe kawai. Ki sayi ma'aunin zafi mai nuna iyakar inda sanyi ya kai cikin dare, ya fi komai amfani. In dole sai hita, ki nemi mai fanka mai kashe kanta, ki saita a digiri 5, ba za ta tashi ba sai daren da ya cancanta, kuma mai gyaran wuta ya ja miki layin, kar a jefo waya ta taga cikin ruwan sama.

A digiri 5 ɗin kina da latas na sanyi, alayyahun turawa, kabeji mai ganye, albasa mai lawashi, fasli. Ya kamata a ce tun Agusta ko Satumba aka shuka su don su girma kafin duhu, yanzu sai dai ki nemi dashe. Tafarnuwa kam yanzu ne lokacinta, ita sanyin ma take so. Alayyahun turawa yana miyar taushe fa, madam ta gwada, ba kamar namu ba amma da gyaɗa da kabewa ya shige.

Baba daga Jos:
Babu dawaki a ƙasar ne? Ɗanyen kashin doki da tattaka in an tara shi tudu ai zafi yake har turiri.

Wani ɗan uwa a Manchester:
Akwai su Baba, masu barga da yawa ma kyauta suke bayarwa. Haka masu lambun birnin Faris na Faransa suka yi ta fitar da latas da sanyi tun zamanin keken doki. A tara shi ya kai kamar gwiwa ko fiye, a jira zafin farko ya faɗa don yana iya kai digiri 60 ya dafa saiwa, sannan a zuba ƙasa a sama a shuka. Ƙarshen Janairu ya fi dacewa da shi.

Mai tambaya, daga Leeds:
Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Attaruhu uku sun shigo kicin, na datse su ina jin kamar in yi kuka. Kananzir an fasa, Abban yara da ya ga fam 120 shi da kansa ya ce a nemo leda. Kashin doki kuma ya ce ba dai a motarsa ba, sai na lallaɓa shi kafin Janairu. Tambaya ɗaya ta rage, irin yakuwar da na taho da shi daga Funtuwa saura kaɗan a kwalba, yaushe zan sake shukawa kar in yi asararsa?

Hajiya a Winnipeg:
Afrilu, a cikin gida bakin taga, ki jiƙa shi ya kwana tukuna. Kar ki fitar sai ƙarshen Mayu. Kuma rabi za ki shuka ki ɓoye rabi, don yakuwa sai wuni ya gajarta take fure, a wajenku sanyi zai riga ta yin iri.