Abin da aka tattauna kan shigar da tururi da iska cikin man mota: shin yana rage shan mai, kuma yana da illa ga inji?

1. Kusan kowa ya yarda tururi ba ya cin wuta. Aikinsa rage zafin cikin silinda, sai injin ya daina ƙwanƙwasawa (ƙarar da yake yi idan mai bai ƙone daidai ba). Jiragen yaƙi sun yi amfani da feshin ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, BMW ma ta sa shi a motarta M4 GTS.

2. Fetur yana buƙatar iska kusan ninki 14.7 na nauyinsa. Idan iskar ta yi yawa sosai, injin yana tari, bawul (ƙofar shigar iska ko fitar hayaƙi a silinda) na iya ƙonewa. Wannan ya fi damuna, gaskiya.

3. An rabu kan rage shan mai. Wasu sun ce sun ga sauƙi, wasu suka ce kwamfutar motocin zamani tana gyara haɗin fetur da iska da kanta, ribar ta tafi.

4. Idan ruwa ya yi yawa a cikin silinda, sandar fistan na iya lanƙwashewa.